Auren intanet na Yuta: takardar gaskiya ce, amma sai an sayi tikitin jirgi

A shagunan cike takardu na Garwa da Marwa da Njamena, tallar "aure ta bidiyo" ta yi yawa, musamman ga iyalan da ke da ɗa ko 'ya a Amurka. Abin da ake tallatawa ba zamba ba ne. Hidima ce ta ofishin magatakardan gundumar Yuta da ke birnin Provo, a jihar Yuta ta Amurka, wanda tun 2020 yake bayar da lasisin aure ta intanet, aka kuma san shi sosai lokacin annobar korona da aka rufe iyakoki. Hukuncinmu a kanta: wajen abin da take sayarwa, wato takardar aure mai inganci a dokar Amurka, aikinta yana da kyau, da sauri, da araha. Matsalar tana wajen abin da masu talla ke ɗora mata, cewa da takardar nan matarka ko mijinki zai shiga Amurka ba tare da kowa ya taka ƙasar wani ba. Wannan ƙarya ce, kuma ita ke cinye kuɗin mutane.

Yadda aikin yake ba shi da wuya. A intanet ana samun shafin da sunan Utah County Clerk. Ango ya cike nasa ɓangaren, amarya ta cike nata, kowa ya ɗora hoton takardar shaidarsa da hoton fuskarsa da ya ɗauka nan take, a biya da katin banki. Kuɗin lasisin bai kai dalar Amurka 100 ba. Lasisin na aiki kwana 32, in ya wuce ba a ɗaura ba sai a sake saye. Sharaɗin da dokar jihar ta kafa shi ne mai ɗaura auren ya kasance yana cikin Yuta a lokacin, ango da amarya kuwa ko ina suke a duniya, tare da shaidu biyu da suka kai shekara 18, su ma ta bidiyon. Bikin kansa mintoci ne. Bayan mai ɗaurawa ya tura rahotonsa, kwafin takardar yana shigowa ta imel, ta takarda kuma a aiko ta gidan waya. A sa adireshin wanda ke Amurka, kada a sa na Garwa, don kada ta yi wata da watanni a hanya.

Inda ake tuntuɓe a nan ƙananan abubuwa ne. Na'urar tantance fuska ba ta son katin ɗan ƙasa da ya goge ko wanda ledarsa ke ƙyalli. Fasfo ya fi, a shimfiɗa shi a kan tebur kusa da taga, a kashe fitilar waya. Katin banki na gida sau da yawa ba ya wucewa, gara na Amurkan ya biya. Sai lokaci: tsakaninmu da Yuta awa 8 ne a lokacin sanyinsu, awa 7 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ke nan ƙarfe tara na safiyarsu ta yi daidai da huɗu ko biyar na yammarmu, lokacin da layi ya fi cunkushewa. A tanadi layi biyu, MTN da Orange a Kamaru, Airtel da Moov a Cadi, waya cike da caji, a kuma gwada bidiyon kwana ɗaya kafin ranar. In hoto ya tsaya daidai lokacin da ake tambayar amincewa, mai ɗaurawa ba zai ci gaba ba sai ya ga fuska ya ji murya.

Akwai kamfanoni masu zaman kansu da ke shiga tsakani, su karɓi daloli ɗari-ɗari su yi abin da mutum zai iya yi da kansa. Abin da suke ƙarawa shi ne zaɓin lokaci a ƙarshen mako, wani lokaci da tafinta da faifan bikin. Takardar dai ɗaya ce, daga ofishi ɗaya take fitowa. In amarya ba ta jin Turanci, tafinta ya cancanci kuɗinsa. Sauran kwalliya ce.

Yanzu ga babban abin. Mu Hausawa aure ta wakili ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Ana ɗaura aure a ƙofar gida ko a masallaci, waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, a ambaci sadaki, a shafa fatiha, ango na Duwala ko Makka, amarya na cikin ɗaki, kuma babu mai cewa auren bai ɗauru ba. Shi ya sa mutanenmu ke ganin auren bidiyo ma ya fi ƙarfi, tunda har fuska an gani. Dokar shige da fice ta Amurka ba haka take kallon abin ba. Sashe na 101(a)(35) na dokar ya ce duk auren da aka ɗaura ba tare da ma'auratan suna wuri ɗaya da jikinsu ba, ba a ɗaukar su miji da mata wajen shige da fice sai in sun tare bayan ɗaurin auren. Auren yana nan daram a dokar Yuta, amma USCIS, hukumar da ke duba takardun shige da fice a Amurka, ba za ta ba shi daraja ba sai an haɗu.

Kalmar "bayan" ita ce ke kayar da dosiye. Ko kun shekara kuna tare kafin ranar bidiyon, ko akwai ɗa tsakaninku, ziyarar da aka yi kafin ɗaurin aure ba ta cike wannan sharaɗin. Tsarin da ke aiki ɗaya ne: a ɗaura, a haɗu a yi zaman miji da mata, sannan a shigar da fom I-130, wanda da shi ake neman izinin ɗauko miji ko mata zuwa Amurka. Wanda ya shigar da fom ɗin mako ɗaya bayan bikin, da niyyar zuwa ganin matarsa a hutun ƙarshen shekara, ya shigar a lokacin da doka ba ta san yana da mata ba. Abin da ke biyo baya shi ne wasiƙar neman ƙarin hujja ko ƙin amincewa, kuɗin fom ya tafi, a koma farkon layi bayan an jira fiye da shekara. Mai shagon da ya ce maka "tura yanzu, ka zo daga baya, ai kafin su duba ka riga ka zo", ka ɗauki takardunka ka fita.

Akwai wani tarkon da ke tafe da wannan. Da zarar an ɗaura auren Yuta, ƙofar bizar masu baiko, K-1, tana iya rufewa, don ita ta waɗanda ba su yi aure ba ce. Ke nan ma'auratan da suka yi bidiyo ba su haɗu ba suna iya faɗawa tsakiya: su ba masu baiko ba, su ba ma'aurata ba a idon hukumar. Mafitar da ta fi tabbas ita ce tafiya.

Tunda tafiyar dole ce, a yi ta yadda za ta bar shaida. Dokar ba ta ƙayyade yawan kwanaki ba, kuma babu jami'in da zai nemi abin da kunya ke hana faɗa. Abin da ake so shi ne hujjar cewa mutum biyun sun kasance gari ɗaya, ɗaki ɗaya, bayan ranar da ke kan takardar. Tambarin shiga da fita a fasfo shi ne sarki. Sai guntun katin shiga jirgi, wanda mutane ke jefarwa a filin jirgin Nsimalen ko na Duwala, alhali ya fi rasidin tikiti ƙarfi, don rasidi saye kawai yake nunawa. Sai rasidin masauki. A nan a kula: yawancin masaukan Garwa da Ngaundere suna rubuta rasidi da hannu, da sunan wanda ya biya kaɗai. A ce wa mai karɓar baƙi ya rubuta sunaye biyu kamar yadda suke a fasfo, da ranar shiga da ta fita, ya buga tambari. In a gidan iyaye aka sauka, sai bayanin rantsuwa daga mutum biyu da suka gani da idonsu, da cikakken suna da adireshi da ranar haihuwa. Hotuna su zama na kwanaki daban-daban, da kaya daban-daban, da dangi a ciki. Hoto goma na gidan hoto, labule ɗaya a baya, ba ya faɗa wa jami'i komai. A ƙarshe kowannensu ya rubuta gajeren bayani ya sa hannu: mun ɗaura ranar kaza ta bidiyo, mun zauna tare a wuri kaza daga ranar kaza zuwa kaza.

Ba-Amurke mai zuwa Kamaru yana buƙatar biza, wadda tun 2023 ake nema ta intanet, da katin rigakafin shawara. Ga na Cadi abin ya fi tsauri. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sa Cadi cikin ƙasashe 12 da ta hana 'yan ƙasarsu shiga, shugaba Mahamat Idriss Déby kuma ya mayar da martani da dakatar da bai wa Amurkawa biza. Don haka ma'aurata da yawa sun fi samun sauƙin haɗuwa a Kamaru. Dokar ba ta ce sai a garin amarya ba, ko ina aka haɗu ya yi. Amma mai fitowa daga Njamena ta gadar Ngeli zuwa Kuseri ya tuna cewa mutanen yankin sun saba ƙetarewa ba tare da an buga musu komai ba. Wannan karon a fito da fasfo, a nemi tambari, ko da zai ci lokaci. Ba tare da shi ba babu abin da ke nuna amarya ta bar Cadi.

Daga nan sai dosiyen kansa, kuma a nan Yuta ta gama nata. Ɗan ƙasar Amurka ko mai katin zama ne ke shigar da I-130, tare da I-130A na wanda ake nema wa. Tun Afrilun 2024 kuɗinsa dala 625 ne ta intanet, 675 ta takarda. In aka amince, dosiyen ya koma cibiyar biza ta ƙasa, NVC, inda ake biyan dala 325 na biza da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, a cike fom ɗin neman bizar, DS-260. Bayan an samu biza akwai dala 235 na katin zama. Jimilla dala 1,305, wato kusan sefa 780,000 in an lissafa dala a kan 600, ban da gwajin likita, fassara, tikitin jirgi da zaman Yawunde. Takardar ɗaukar nauyi, I-864, tana neman kuɗin shiga da ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talauci na gwamnatinsu. A 2025, ga gida mai mutum biyu, dala 26,437 ne a shekara. Direban tasi ko mai kai kaya da ke rage abin da yake bayyana wa hukumar haraji, nan ne abin ke dawo masa, don takardar haraji ake dubawa, ba abin da ke aljihu ba. Mafita ita ce a samu wani ya tsaya tare da shi, ya cike nasa I-864 ɗin, ya kuma san cewa alkawari ne da kotu ke iya kama shi a kai.

A cikin I-130 akwai tambayar adireshin da kuka zauna tare na ƙarshe. Masu shago sukan bar wurin fanko ko su ƙirƙiro adireshi. A rubuta gaskiya, ta yi daidai da abin da ke cikin bayanin da aka sa wa hannu.

Takardun gida sun fi fom ɗin Amurka ba da wahala. Suna ɗaya yakan fito da fuska uku: Mahamat a takardar haihuwa, Mohamadou a katin ɗan ƙasa, Muhammad a lasisin Yuta saboda angon ne ya rubuta daga can. Haka Aïssatou da Aichatou da Aisha. Ka'idar ita ce fasfo ne uwa: a fara yin sa, sannan a kwafi harafi bayan harafi zuwa lasisin aure. Gyara takardar Yuta bayan ta fito yana yiwuwa, amma ɓata lokaci ne da za a iya kauce wa. Fasfon Kamaru sefa 110,000 ne tun 2021, ana fara rajista ta intanet. A Cadi hukumar ANATS ce ke bayarwa. Wanda ba a yi masa takardar haihuwa ba sai ya bi ta kotu a yi masa hukuncin da ke maye gurbinta, sannan ofishin magajin gari ya fitar da takardar. Jami'an biza sun san irin wannan takardar, sun kuma san ana sayen ta, don haka wadda aka yi wata biyu kafin shigar da dosiye tana jawo tambaya. A haɗa ta da tsofaffin shaidu, kamar takardar gama firamare ko katin asibiti na yarinta. Sai takardar rashin laifi, wadda ake kira bulletin n°3 a kotu, daga ƙasar mutum da duk ƙasar da ya daɗe a cikinta. 'Yar Marwa da ta yi shekaru tana karatu a Maiduguri ko Yola za ta buƙaci ta Najeriya ma.

Kan fassara akwai bambancin da ke ceton kuɗi. USCIS tana son kowace takarda da Turanci, cikakkiya har da rubutun cikin tambari, da shaidar mai fassara cewa ya iya harsunan biyu. NVC kuwa tana karɓar takarda da harshen hukuma na ƙasar da za a yi ganawa. Tunda bizar zama ta mutanen Kamaru da na Cadi duka a ofishin jakadancin Amurka na Yawunde ake yin ta, takardun Faransanci suna wucewa a wannan matakin, na Larabci kuwa sai an fassara.

Maganar da ba a son yi a gaban surukai ita ce ta auren baya. Lasisin Yuta na wanda ba shi da aure ne. Amurka ba ta amincewa da mata ta biyu, kuma mai niyyar zama da mace fiye da ɗaya a can doka ta hana shi shiga. Mutumin da ke da uwargida a Gidar ko Mokolo, ko da a masallaci kaɗai aka ɗaura, ya je ya ce wa Yuta shi gwauro ne, ya gina dosiyensa a kan ƙarya. Takardun haihuwar 'ya'yansa, masu ɗauke da sunan wata uwa, su za su tona shi. Bazawara ma haka: saki na baki ko 'yar takardar da miji ya rubuta ya ba ta ba su isa ba, ana son hukuncin kotu da ya raba auren, kuma ranarsa ta riga ranar bidiyo. In ta biyo baya, auren Yuta ɗin kansa ya lalace, sai a sake. Wanda kuma aka kama da auren biza na haya, haramcin na har abada ne, ga ɗaurin da ka iya kai shekara 5 da tarar dala 250,000.

Yawancin iyalai za su shafa fatiha a gida, ko kafin bidiyon ko bayansa, don babu uban da zai bar 'yarsa ta tare a kan takardar Provo kaɗai. Wannan daidai ne, kuma hotunan walima da kai amarya suna ƙara wa dosiye ƙarfi. Abin kiyayewa shi ne a bayyana ranakun biyu, kowanne da sunansa, kada amarya ta je ganawa a tambaye ta ranar aurenta ta faɗi ta masallaci alhali fom na ɗauke da ta Yuta.

Wannan ya kawo tambayar da ta fi kowace: tunda sai an zo, me ya hana a ɗaura a ofishin magajin gari kawai? Ga mai dogon hutu, babu abin da ya hana, kuma ya fi tsabta, don babu maganar sashe na 101(a)(35) ko kaɗan. A Kamaru ana liƙa sanarwar aure wata guda kafin ranar, ana kuma tambayar ma'aurata su zaɓi tsarin mace ɗaya ko na mata da yawa, a rubuta a jikin takardar. Mai shirin zuwa Amurka ya zaɓi na mace ɗaya. Ɗayan zaɓin tambaya ce ya saya wa kansa. Amfanin Yuta yana ga mai hutun mako biyu, wanda ba zai iya jiran sanarwa da zirga-zirgar ofis ba: ya ɗaura kafin ya taso, ranar da ya sauka yana da mata a doka, ya koma ya shigar da fom. Akwai ƙarin riba ɗaya. Agogon shekara biyu yana fara bugawa daga ranar ɗaurin aure. Mai auren ɗan ƙasar Amurka da ya shiga Amurka aurensa bai cika shekara biyu ba, bizar CR-1 yake samu, katin shekara biyu mai sharaɗi, sai ya cike fom ɗin cire sharaɗin, I-751, cikin kwana 90 na ƙarshe, da wani kuɗin. Wanda ya cika, IR-1 ne, katin shekara 10. Da irin jinkirin da ake yi, watanni kaɗan na farko suna iya raba tsakani.

Ga wanda mijinta ko matarsa ke wata ƙasar ba Amurka ba, shawarar gajera ce: kada a saya. Kanada tun Yunin 2015 ta daina karɓar auren wakili ko na waya ko na intanet wajen ɗauko iyali, in ban da sojojinta da ke bakin aiki, kuma haɗuwa daga baya ba ta gyara shi. Dokar Faransa, sashe na 146-1 na kundin dokokin farar hula, ta ce auren Bafaranshe ko a waje aka yi sai yana wurin da kansa. A Jamus babbar kotun tarayya ta yanke a 2024 cewa auren Yuta da aka yi daga cikin Jamus bai inganta ba. Ko a gida ma takardar ba ta tafiya da ƙafarta: Kamaru da Cadi ba sa cikin yarjejeniyar apostille, wadda ke sa ƙasashe su karɓi takardun juna da hatimi ɗaya, don haka hatimin da ofishin mataimakin gwamnan Yuta ke bugawa bai wadatar ba, sai an bi ta ofishin jakadanci.

Matakin ƙarshe a Yawunde yake. Daga Marwa tafiyar kwana biyu ce ta ƙasa, mota zuwa Ngaundere sannan jirgin ƙasa na dare, don haka a isa da kwanaki a hannu saboda gwajin likita, wanda sai a wurin likitan da ofishin jakadancin ya amince da shi. Bizar ba ta wuce wata shida daga ranar gwajin. A zo da asalin kowace takarda, har da ta Yuta mai hatimi, ba kwafin imel ba. Rashin takarda ɗaya yana jawo takardar 221(g), wato a koma a kawo, kuma ga mutumin Kuseri wannan wata tafiyar ce.

Kafin a biya ko sisi, a duba halin da ƙofar take ciki. Sanarwar Yunin 2025 ta keɓe matan aure da mazajen 'yan ƙasar Amurka daga haramcin, amma wadda ta biyo baya a Disambar 2025 ta cire wannan keɓewar, abin da ya shafi 'yan Cadi kai tsaye. A Janairun 2026 kuma ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta dakatar da bayar da bizar zama ga 'yan ƙasashe 75, Kamaru na ciki. Irin waɗannan matakan suna sauyawa da sa hannu ɗaya ko hukuncin kotu, don haka shafin ma'aikatar da na ofishin jakadancin Yawunde su ne abin dubawa, ba bakin mai shago ba. Dosiyen da ke da auren baya, ko tsohuwar biza da aka hana, ko ɗan Cadi a ciki, a kai shi wurin lauyan shige da fice mai lasisi a Amurka kafin a sayi lasisin Yuta.